Faifan Inna da Kwamfutar Yallaɓai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. A yi wa Inna ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin komai bari in fara da yabon kwamfutar nan taki, don ta cancanta. Tun ranar da Yallaɓai mijinki ya ɗora miki ita a cinya a gaban dangi, cikin leda mai walƙiya, na san ba irin tarkacen da muke sayarwa a kasuwa ba ce. Mu namu kayan sai an hure ƙura kafin a kunna. Ita kuwa, in ji shi, daga babban kanti mai ƙofar gilashi ta fito, inda ake kunna wa mai saye sanyi a ba shi kujera. Har yau ina jin muryar Inna tana sa masa albarka har ta dushe, ni da na tsufa a sayar da kwamfuta ina tsaye a bakin ƙofa ina matsa wa baƙi hanya. Kwamfuta ce mai aji. Ga shi ajin ya kai ba ta kallon faifan talaka.

Ga abin da na fahimta a waya, gwargwadon abin da maƙwabcina mai sayar da lasifika ya bari na ji. Babban asibiti sun ɗauki hoton ƙashin bayan Inna, sun ba ku a faifai. Likitan ƙashi da ke leƙo asibitinku wata-wata ya ce sai ya ga hoton zai san ko aiki za a yi mata ko magani ya isa. Tasa kwamfutar ba ta da wurin sa faifai, ya ce ki juye masa a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta, kafin ya dawo. Ta mai fotokwafin layinku ma ba ta da shi. Kin sa a taki, ta yi kamar ba da ita ake ba. Na ce ki aiko mini da faifan ta hannun direba, kin ce shi kaɗai ne, ba za ki damƙa shi ga mutumin da ya taɓa barin katifar amarya a tasha ba. Ban ga laifinki ba. Takarda dai in ta ɓata a sake rubutawa, don haka mu koma takarda.

Abin da ke karanta faifan, mu a nan sidirom muke ce masa. Danna ɗan maɓallinsa ki ga ko tiren yana fitowa. Ɗora faifan, gefen rubutu a sama, ki danna tsakiyarsa sai kin ji ƙas. Kar ki yi tsaki, na ga manya da furfura sun sa a kife. Ki mayar da tiren ki kasa kunne, yana juyawa ko shiru? Sannan ki kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi ba, ki sake kunnawa. Ki buɗe wurin da take nuna ma'ajiyoyinta, ki duba ko akwai hoton ɗan faifai a ciki. Daga nan ki gwada da wani faifan daban, ko na wasan yara ne, don mu san laifin na faifan Inna ne ko na mai aji.

Ki rubuto mini abin da idonki ya gani, ba abin da Yallaɓai ya ce kin gani ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na tambaye ka gyara, ka cika rabin takarda da baƙar magana. Allah ya shirye ka.

Na yi duk abin da ka ce. Tiren yana fitowa. Na sa faifan, rubutu a sama, ya yi ƙas. Yana juyawa na ɗan lokaci kamar fanka, sai ya yi shiru. Na kashe na kunna. Babu hoton wani faifai. Na sa na wasan yara, shi ma haka.

Baban yara ya ce kwamfutar ba ta da matsala, 'yan asibiti ne suka ba mu faifan banza. Da na sa na yara a gabansa bai fito ba, sai ya ce ai wannan tsoho ne. Ya ce kuma in gaya maka kar a kwance mata ƙusa ko ɗaya, wai ya san halinku, a buɗe abu a cire sabo a mayar da tsoho. Na faɗa maka ne don ya ce in faɗa.

Inna tana nan dai. Jiya da za ta tashi sai da muka kama ta mu biyu. Ta ce ƙafar hagu tana jinta kamar aro aka ba ta. Ka santa, ba ta ƙorafi, amma ta daina zama a kujerar bakin taga, kuma ka san abin da kujerar nan take a wurinta. Ta tambaya ko kana cin abinci a kan lokaci. Na ce bakinka dai bai rame ba.

Ka taimaka ka rage wasa. Ina so likitan nan ya zo ya tarar da hoton a hannuna.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba Inna lafiya, ki ce mata ina ci har da ƙari.

Ki gaya wa Yallaɓai ya kwantar da hankalinsa. Daga nan zuwa falonsa hannuna bai kai tsawon kwance ƙusa ba. Kuma masu cire sabo su sa tsoho layinsu daban. Mu a namu layin ba mu taɓa ganin sabon ba balle mu cire shi.

Yanzu ga lissafin. Tire ya fito, faifai ya juya, wuta na kai masa ke nan, bai mutu ba. Faifai biyu duk ta ƙi gani, asibiti sun fita daga zargi. Abin da ya rage, kwamfutar ce ba ta san tana da sidirom ba, kamar mai gidan haya da bai san akwai mutum a ɗakin baya ba. Abin da ke kawo haka ba ya wuce ko mahaɗinsa na ciki ya saki, ko kwamfutar ta manta da shi, ko kuwa wani ne ya hana ta ganinsa.

Akwai wurin da take jera sunayen duk kayan cikinta, na zana miki hanyar a bayan takardar nan. Ki duba ko sidirom na cikin jerin. In yana nan da 'yar alama ruwan ɗorawa a gefensa, ki goge shi, ki kashe ki kunna, za ta nemo shi da kanta kamar sabon baƙo. In babu shi kwata-kwata, sai mu shiga ƙuryar ɗaki. Ki kashe ta, ki kunna, tun ba ta gama farkawa ba ki riƙa danna F2 kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki. Wani allo zai fito mara ado, bayos sunansa, a nan ake buɗe wa kowane kaya hanya ko a rufe masa. Kar ki taɓa komai. Kwafo mini abin da ya ce kawai. Ki kuma kifa ta ki kwafo lambar da ke manne a ƙasanta.

Na ba direba wani ɗan akwati naɗe a tsohuwar rigata. Sidirom ne na waje, da igiyarsa. Ki soka igiyar a ramin da ake soka filas, ki sa faifan Inna a cikinsa. Na gwada shi a kwamfutocin shago kafin in naɗe, lafiyarsa ƙalau. In na cikin ya ƙi, wannan zai rufa mana asiri. Rigar kuma ba kyauta ba ce, ina sonta.

A gaida mai kanti mai gilashi.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Saƙo ya iso, akwati da riga duka. Rigar na wanke ta, don ban san ta yaya kake sa ta haka ba.

Jerin kayan na same shi. Tun daga buɗewa ta ce mini kallo kawai zan iya yi, ba ni da ikon canza komai. Na karanta daga sama har ƙasa, na sa babbar 'yata ta sake karantawa. Babu sidirom.

Na danna F2 har yatsana ya yi ciwo. Allon ya fito, amma lambar sirri yake nema. Na tambayi baban yara. Ya ce shi bai san da wata lambar sirri ba, wataƙila 'yan kanti ne suka sa. Na ce to a kira 'yan kantin. Ya ce kantin ya tashi. Na ce ina suka koma? Ya ce ni da ƙanina mun mayar da shi ɗan sanda ne? Ya ɗauki mukullin mota ya fita, abincinsa ma a rufe ya bar shi.

Akwatin naka na soka. Ya kawo wuta, faifan ya juya sosai har tebur na rawa. Sai rubutu ya fito a gefe, wai mai kula da wannan kwamfuta ya hana amfani da wannan na'ura. Wane ne mai kula? Ni na ɗauka ni ce. Na soka filas ɗin da na saya don likita, shi ma amsar ke nan. Ban taɓa sa mata filas ba sai yau, rubutu kawai nake yi a kanta, yara kuma su yi kallo.

Lambar ƙasan na kwafa a ƙarshen takardar nan. A gefenta akwai shaidar wata takarda da aka ɓamɓare, gam ɗin ya kama ƙura. Tunda ka ce in faɗi duk abin da na gani, idan an kunna sunansa ne ke fitowa da wasu lambobi a gaba. Tun farko ya ce ya sa haka ne don in riƙa tunawa da shi.

Tunda akwatin naka ma bai yi ba, na mayar da shi cikin rigar na ajiye. Likita mako mai zuwa zai zo. Inna yanzu a kwance take sallah. Me zan yi?

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba na tsaye a kaina. Na gane ciwon. Kar ki sake taɓa komai, ki jira. Ɗayar ambulan ɗin ta Yallaɓai ce, na ce a kai masa ofis. Magana ce ta maza masu ilimin na'ura. A yi wa Inna sannu.

Auta

*

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga babban yaya, ina fatan aiki na tafiya daidai, sanyin ofis bai yi yawa ba.

Na daɗe ina sayar da kwamfuta, kuma na ga kantuna iri-iri. Amma kantin da zai sayar wa mutum kwamfuta, ya shiga ƙurya ya rufe sidirom, ya toshe hanyar filas, ya sa lambar sirri, ya rubuta sunan mai saye da lambar ma'aikaci, sannan ya tashi ya bar gari, wannan kanti ban taɓa cin karo da shi ba. Masu yin haka da na sani su ne ofisoshi, don kar ma'aikaci ya kwashi takardun aiki ya kai gida, ko ya kwaso cuta daga gida ya kai musu. Su ne kuma ke manna 'yar takarda a ƙasa mai cewa wannan kayan wane ne. Irin gam ɗinsu ba ya fita da farce, sai an sa masa ɗan kananzir. Na faɗa ne don gaba.

Ban ce wa Yaya komai ba. Mu 'yan kasuwa duk halinmu da ka sani, mun iya riƙe baki, da shi muke ci.

Gyaran mai sauƙi ne. Ofishinku na da mai kula da kwamfutoci. Ka kai masa, ya sa lambarsa, ya buɗe sidirom da hanyar filas, kafin shayinka ya huce an gama. Yaya ta juye hoton, likita ya gani, kowa ya huta. Ni ko tukwici ba na so.

Ina jiran umarni.
Ƙaninka na cikin ƙura, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na samu takardarka, na kuma fahimci abin da take ɗauke da shi, har da wanda ba a rubuta ba.

Ina so in gyara wani abu. Ni ban taɓa cewa kyauta ce ba. Cewa na yi ga kwamfuta ta riƙa amfani da ita. Jama'a suka fahimci abin da suka fahimta, Inna ta fara addu'a, kuma ba tarbiyya ba ce mutum ya katse surukarsa tana tsakiyar addu'a. Maganar kanti ta zo ne daga baya, da aka matsa mini da tambaya.

Shawararka ba za ta yiwu ba. Ka'idarmu ba ta yarda na'urar ofis ta kwana a waje ba. Jami'in kwamfutocin kuma aminin mataimakina ne, wanda ya daɗe yana auna kujerata da ido. Idan na kai masa, zai buɗe ya ga wasannin yara da darussan ɗinki, washegari maganar tana kan teburin shugaba. Ina da iyali, cikinsu har da yayarka.

Ina tambayarka a matsayinka na wanda ya san wannan fanni. Shin akwai wata hanya da hoton zai isa ga likita ba tare da an bi ta wannan kwamfutar ba? Idan akwai, ka sanar da ni cikin gaggawa. Inna uwa ce a wurina, ina jin nishinta ta bango, kuma ba na jin daɗi.

Ina roƙon wannan magana ta tsaya tsakaninmu.

Naka,
Mijin yayarka

*

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa da ban girma. Takardarka ta burge ni, har na karanta wa kaina sau biyu don in koyi tsara magana. Na yarda ba ka ce kyauta ce ba. Ledar mai walƙiya ce ta faɗa, kuma leda ba ta da hankali.

Game da tambayarka, wannan kwamfutar, ranka ya daɗe, ba ta da wata hanya. Wanda ya kulle ta ya san aikinsa. In na ce zan fasa kullen, jami'in naku zai gane ran da ya duba, kuma ka riga ka hana a kwance ƙusa.

Amma ga wata dabara. Da lambar da Yaya ta kwafo mini na bincika, akwai irin kwamfutar sak a cikin kayan da nake jira, launi ɗaya, girma ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ka ce wa Yaya za ka kawo mini gyara. Ka zo da ita, mu kwashe rubuce-rubucenta mu zuba a ɗayar, in sa sunanka ya riƙa fitowa don ta ci gaba da tunawa da kai. Ta ofis ta koma ofis ta ƙofar baya, ta gida ta koma gida da sidirom mai gani. Kujerarka ta tsira, girmanka ya tsira, faifan Inna ya buɗe.

Sharaɗi ɗaya ne, da ƙafarka za ka zo. Irin wannan ba a ba direba, kuma ina so ka duba da idonka, kar gobe a ce 'yan kasuwa sun cire sabo. Shagon ba shi da wuyar ganewa. In ka shigo ta ƙofar masu gyaran waya, ka bi ƙarar lasifika har sai kunnenka ya fara ciwo, to ka iso. Ba mu da ƙofar gilashi, don haka ba abin da za ka tura.

Kayan sai ƙarshen mako mai zuwa za su sauka. Na san likita zai riga su. Amma likita ba yau ya fara zuwa ba, ba kuma daga wannan zai daina ba.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na jira kamar yadda ka ce.

Likita ya zo ya tafi. Mun kai Inna a kwance a bayan mota. Ya tambayi filas, na nuna masa faifai. Ya juya shi a hannu ya miƙo mini. Ya ce shi ba zai taɓa bayan tsohuwa da ka ba, ko ya tura ta wani wuri bai san me yake turawa ba. Ya soka mata allura a tafin ƙafa, ta dama ta janye, ta hagu ba ta ma san an yi ba. Ya rubuta magani, ya ce in tabbatar wata mai zuwa hoton na nan. Bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da na fi jin daɗi.

A hanyar dawowa Inna ta ce kar in damu, ai yaran suna ƙoƙari. Kai da baban yara take nufi.

Yanzu komai a ɗaki ake yi mata. Na dawo da katifata wurinta. Babbar 'yata ce ke dafa wa gidan abinci.

Baban yara ya ce zai kawo maka kwamfutar da kansa. Ban san me ka rubuta masa ba. Mutumin da ko sunan layinku ba ya son ji, yau shi ne yake tambayata wace ƙofa ake shiga. Tun da takardarka ta zo ba ya haɗa ido da ni, amma kullum sai ya tsaya a ƙofar Inna ya daɗe kafin ya fita.

Ku yi abin da za ku yi, ku yi shi da wuri.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne. Labarin likita bai yi mini daɗi ba, amma ki sa a ranki an kusa.

Yallaɓai ya zo. Ina ma kina nan. Ya shigo layinmu da takalmi mai sheƙi, rungume da jaka a ƙirji kamar wanda aka ce masa ana fizge. Ya wuce shagona sau biyu. Ina kallonsa, na bar shi ya ɗan san kasuwa. A na ukun na ce, ranka ya daɗe, kanti mai gilashi ake nema? Bai yi dariya ba, amma maƙwabtana sun yi masa.

Na share masa benci da hannun rigata. Ya duba bencin, ya duba wandonsa, ya zauna. Mai lasifika ya rage ƙara don girmamawa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ko ranar da aka yi gobara. Mai gyaran firinta ya leƙo ya ce, Auta, wannan ne surukin naka da ya ce mu ɓarayi ne? Na ce a'a, wannan wansa ne, wancan ba ya zuwa kasuwa. Na saya masa lemo mai sanyi. Ya riƙe kwalbar har ta huce, daga baya ya shanye.

Ya zauna a nan tun hantsi har rana ta karkata, yana kallon hannuna. Ya yi tambayoyi masu ma'ana, ban ɓoye masa komai ba. Da zai tafi ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, Auta, na gode, ban san haka aikin yake ba. A gaban mutane ya faɗa. Ki gaya wa Inna wannan, kalma da kalma.

Kwamfuta ta gyaru. Sidirom na gani, filas na shiga, ba mai kula sai ke. In kin ga ta ɗan canza miki a hannu, haka gyara yake, yana sa abu ya yi kamar wani. Na riƙe ta kwana biyu in gwada ta sosai, don ba na son a ce aikina ya dawo. Zan ba direba ita da kaina, in tsaya sai motar ta tashi.

Sauran aiki naki ne. Ki sa faifan, ki kwashe duk abin da ke ciki ki zuba a filas, kar ki zaɓa. In kin gama, akwatina da rigata su dawo, akwai mai son akwatin.

Ƙaninki da ya fitar da ku kunya,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Daga babban asibiti nake rubuto maka.

Shekaranjiya ƙafar dama ma ta fara, muka kai Inna asibitinmu. Na ɗauko akwatinka a jaka don in ba direba, tunda tashar na kallon asibitin. Muna zaune muna jira, na ce wa matar da ke yanka kati ko za ta gwada shi a tata kwamfutar. Ta soka, na sa faifan Inna. Hoton ya buɗe. Ta tura wa likita, ya bugo waya ya ce kar mu kwana, mu wuce babban asibiti. Gobe za a yi aikin. Ya ce ƙashin bayan zai gyaru in Allah ya so, ƙafar hagu ce bai yi alkawari ba, da a zuwansa na baya ya ga hoton, da ya yi.

Kwamfuta ta iso, yara sun ce tana aiki. Na gaya wa Inna maganar hannu biyu, ta sa muku albarka ku duka.

Allah ya bar zumunci.
Yayarka

Af. Ranar da ka rubuto ka ce in jira, akwatin nan yana ƙarƙashin gadona, asibitin kuma yana inda yake. Mantawa ka yi yana shiga kowace kwamfuta, ko kuwa Yallaɓai ne bai riga ya zauna a bencinka ba?